Wane yankin karkara ne ya fi dacewa da keken tsere: ina neman hanyoyi marasa motoci da tsofaffin garuruwa

Mai Feda

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni sanin doguwar tafiya a kan keke. Ina shirin yin hutun kimanin mako guda a Turai, kuma so nake in yi shi gaba ɗaya a kan keken tsere, wato mai siraran tayoyi da lanƙwasasshen kai, ina ratsa karkara daga wannan tsohon gari zuwa wancan, ta yadda kowace yamma zan ya da zango a garin da yake da ganuwa ko fada ko wani gini mai tarihi da zan iya zagayawa da ƙafa kafin duhu ya yi. Ƙarfina bai wuce kilomita 70 zuwa 90 a rana ba, kuma kayana kaɗan ne, jaka ɗaya ce a bayan sirdi da wata ƙarama a gaba.

Yankuna uku nake ta jujjuyawa a raina, kuma na kasa tsayar da ɗaya: kwarin kogin Loire a Faransa, da kudancin Tuskani a Italiya, da yankin Alentejo a Fotugal. Duk hoton da na gani na waɗannan wurare yana nuna hanya fayau babu mota ko ɗaya, amma na san mai ɗaukar hoto yana iya jira har motocin su wuce kafin ya ɗauka. Abin da ya fi damuna shi ne in tsara tafiya a kan taswira, in je in tarar da kaina a gefen titin da tireloli ke wucewa ta kusa da kafaɗata tun safe har azahar.

Don haka tambayata kashi biyu ce. Ta yaya mutum zai gane daga nesa cewa hanya ba ta da motoci, tun kafin ya taka ta? Sannan a cikin yankunan nan uku, wanne ne ya fi haɗa kwalta mai kyau da ƙarancin motoci da garuruwan da suka cancanci a kwana a cikinsu? Tayoyina masu faɗin milimita 25 ne, idan wannan yana da tasiri a kan amsar. Na gode.

Baba Mai Taswira

Wa alaikumus salam, Malam Mai Feda. Zan fara da tambayarka ta farko, domin idan ka iya ta, ta biyun za ta zo maka da sauƙi a kowace ƙasa.

Ba ƙanƙantar hanya ce ke hana ta motoci ba, matsayinta ne a tsakanin sauran hanyoyi. Duk hanyar da ta kasance mafi gajarta tsakanin garuruwa biyu masu kasuwa ko masana'anta, to za ta cika da motoci ko da siririya ce, kuma irin wannan ita ce mafi haɗari, domin ga yawan motoci ga rashin gefen da za ka ratse. Hanyar da kake nema ita ce wadda direban da ke sauri ba shi da dalilin bi: wadda take haɗa ƙauyuka uku ko huɗu a karkace, ko take hawa tudu ta sauka alhali akwai wata a ƙasa da ta miƙe, ko kuma wadda aka gina wata sabuwa a kusa da ita ta kwashe mata jama'a. Idan ka buɗe taswira, ka fara tambayar kanka ta ina mai babbar mota zai bi daga wannan gari zuwa wancan, sannan ka cire wannan layin daga lissafinka, ka duba abin da ya rage.

Akwai wani tarko a nan da ya kamata ka sani. Mutane suna ɗauka cewa duk inda aka shimfiɗa babban titi mai hannu biyu, tsohuwar hanyar da ke gefensa ta zama kufai. Hakan yana faruwa ne idan sabon titin kyauta ne. Idan ana biyan kuɗin wucewa a kansa, wasu direbobin manyan motoci sukan tsaya a kan tsohuwar hanyar don su kauce wa biya. Misali a Alentejo, titin A6 da ya tashi daga wajen Lisbon ya bi ta Évora zuwa Elvas da iyakar Sifaniya na biya ne, ita kuma N4 da ke tafiya kusan daura da shi ta Montemor-o-Novo da Arraiolos da Estremoz da Borba ba a biyan komai a kanta, saboda haka ba zan ba ka shawarar ka yi doguwar tafiya a kanta ba, sai dai ka tsallaka ta ko ka bi ta na ɗan taƙi.

Harafin da ke gaban lambar hanya ma yana taimakawa, muddin ba ka dogara da shi kaɗai ba. A Fotugal, mai harafin A titi ne da doka ta hana keke hawa, IP da IC manyan hanyoyi ne da ya fi kyau ka nisanta, N ta ƙasa ce kuma tana iya zama ko wace iri, M da CM kuwa na ƙananan hukumomi ne kuma a nan ne yawanci za ka sami abin da kake so. A Faransa ka nemi D mai lambobi da yawa da kuma C, a Italiya kuwa SP. Bayan ka zaɓi layi, ka duba shi ta hoton tauraron ɗan'adam da hotunan kan titi, ka lura da abu uku: ko akwai farin layi a tsakiyarta, ko akwai mahaƙar dutse ko rumbun ajiyar kaya a gefenta, da kuma yawan motocin da suka faɗo cikin hotunan. Taswirar da wasu manhajoji ke nunawa ta inda masu keke suka fi bi tana da amfani, amma abin da take gaya maka shi ne inda ake bi, ba inda babu motoci ba. 'Yan gari sukan bi titi mai cunkoso a ayari ranar Lahadi da safe saboda ita kaɗai ce mafitarsu daga birni, kai kuwa za ka bi ta kai kaɗai ranar Talata da hantsi.

Game da yanki, ni Alentejo zan zaɓa, kuma dalilina na lissafi ne kawai. Yankin ya kai kusan kashi ɗaya cikin uku na faɗin Fotugal, amma mutanen da ke cikinsa 'yan kaɗan ne ƙwarai idan aka kwatanta da na bakin teku, kuma inda babu mutane babu motoci. Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce mai ɗan hawa da gangara, gonakin alkama da zaitun da inabi, da dazuzzukan itacen nan da ake ɓare masa ɓawo a yi marfin kwalba da shi. Garuruwan kuma ba na ado ba ne. Évora tana cikin jerin wuraren tarihi na UNESCO tun 1986, tana da haikalin Rumawa na ƙarni na ɗaya a tsakiyarta, da gadar jawo ruwa da aka gina a shekarun 1530 wadda har gidaje aka gina a cikin bakunanta. Elvas ta shiga jerin a 2012 saboda ganuwarta mai siffar tauraro da aka yi don tsare iyaka. Monsaraz tana kan tudu tana kallon tafkin Alqueva, wanda ya samu bayan an rufe ƙofofin madatsar ruwan kogin Guadiana a 2002. Can arewa akwai Marvão a kan dutsen da ya haura mita 800, kuma sunanta ya samo asali ne daga Ibn Marwan, shugaban da ya yi zamani a ƙarni na tara lokacin mulkin Musulmi a Andalus, wanda shi ne kuma ya kafa birnin Badajoz da ke Sifaniya. Idan da kana da ƙarin kwanaki da na ce ka gangara kudu zuwa Mértola, inda babbar majami'ar garin tsohon masallaci ne na ƙarni na goma sha biyu da har yanzu mihrabinsa yana nan, amma a mako guda nisan zai cinye maka tafiyar.

Sharaɗi ɗaya ne, kuma babba ne: kada ka je a watan Yuli ko Agusta. A wannan yankin ne, a garin Amareleja, zafi ya haura digiri 47 a Agustan 2003, kuma inuwa a kan hanya ba ta da yawa. Afrilu da Mayu, ko ƙarshen Satumba da Oktoba, su ne lokacin.

'Yar Bulaguro

Sannu da ƙoƙari, Baba. Bayaninka a kan karanta taswira ba ni da abin ƙarawa a kai, amma ina da ja a kan zaɓin yanki, musamman ga mutumin da, bisa ga yadda ya yi tambaya, wannan ce doguwar tafiyarsa ta farko shi kaɗai a ƙasar da ba ya jin harshenta.

Rashin mutanen da ya sa Alentejo ba ta da motoci shi ne kuma yake sa ta zama wuri mai wuya idan wani abu ya lalace. Ana iya yin kilomita 20 ko 30 ba a ga inda za a cika gorar ruwa ba, shagon gyaran keke sai a manyan garuruwa, layin dogo kuma bai kai yawancin garuruwan da aka lissafa ba. Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba: hanyar da ta miƙe sambal kuma babu kowa a kanta, 'yan motocin da ke bin ta da gudu suke bi. Mota goma a awa guda da ke sheƙa gudu a kan miƙaƙƙiyar hanya sun fi tayar mini da hankali fiye da mota talatin da ke lallaɓawa a tsakanin ƙauyuka masu kwana-kwana.

A kwarin Loire an riga an yi wa mai keke rabin aikin. Akwai hanyar da ake kira La Loire à Vélo, mai tsawon kusan kilomita 900 daga wajen Nevers zuwa bakin tekun Atlantika a Saint-Brevin-les-Pins, wadda wani yanki ne na doguwar hanyar keke ta Turai mai suna EuroVelo 6 da ta miƙa har Bahar Aswad. An kafa mata alamomi a kowace mararraba, jiragen ƙasa na yankin suna ɗaukar keke, kuma da wuya ka yi kilomita goma ba ka shiga ƙauye ba. Ta fuskar tarihi kuwa, tsakanin Sully-sur-Loire da Chalonnes duk yana cikin jerin UNESCO tun shekarar 2000. A Chambord ne Sarkin Faransa François na Ɗaya ya fara gina katafariyar fadarsa a 1519, shekarar da shahararren mai zanen nan Leonardo da Vinci ya rasu a Amboise, wanda bai wuce tafiyar yini guda a keke daga can ba. A Chinon ne jarumar Faransa Jeanne d'Arc ta gana da Sarki Charles na Bakwai a 1429, kuma a Fontevraud, kusa da nan, aka binne Sarkin Ingila Henry na Biyu da matarsa Eleanor da ɗansu Richard.

Sai dai, Malam Mai Feda, tunda keken tsere gare ka, ba zan ce ka bi alamomin nan ido rufe ba. An tsara hanyar ne don iyalai da masu tafiya a hankali, saboda haka wasu sassanta tsakuwa ce da aka daddaɓe, wasu kuma ana raba su da masu tafiya a ƙafa da yara ƙanana, kuma a watannin hutu takan cika har ka kasa sakin ƙafa. Dabarar ita ce ka ɗauke ta a matsayin kashin bayan tafiyarka: ka shiga gari da ita, ka fita da ita, domin a nan ne take raba ka da shataletale da cunkoso, amma a tsakanin garuruwa ka bar bakin babban kogin ka bi ƙananan rafukan da ke zuba a cikinsa. Kwarin Indre ta Azay-le-Rideau zuwa Loches, da kwarin Cher ta Chenonceau inda aka gina fadar a kan ruwa, da kwarin Vienne daga Chinon zuwa Candes-Saint-Martin, duk suna da ƙananan hanyoyin kwalta a gefen da babbar hanya ba ta bi ba. Abin da za ka guje wa shi ne D952, wadda ke kan jingar da ta tare kogin ta arewa, domin ko da yake a taswira tana da ban sha'awa, ita ce motocin yankin ke bi.

Ka kuma lura da iska. A wannan yankin ta fi kaɗowa daga yamma, wato daga teku, don haka wanda ya tashi daga Angers ko Saumur ya nufi gabas zuwa Blois da Orléans ya fi samun ta a bayansa, ko da yake yawancin mutane akasin haka suke bi saboda suna son su gangara tare da ruwa. Gangarar kogin ba ta kai a ji ta a ƙafa ba, iskar kuwa ana jin ta.

Mai Feda

Na gode, Baba, na gode Hajiya. Allah ya saka da alheri. Maganar titin biya da tsohuwar hanyar da ke gefensa ta buɗe mini ido ƙwarai. Na lura dai babu wanda ya taɓo Tuskani a cikinku, alhali hotunanta ne suka fara jan hankalina zuwa wannan tafiya. Shin akwai dalilin da ya sa kuka tsallake ta? Sannan har yanzu ina jiran wanda zai ce wani abu a kan tayoyin nan nawa.

Bakanike

Malam, bari in amsa maka biyun a haɗe, domin amsarsu ɗaya ce.

Kafin ka zaɓi yanki, ka duba inda magabata suka kafa garuruwansu, saboda wannan ne zai gaya maka irin wahalar da ke jiran ka a ƙarshen kowane zango. Garuruwan Loire na fatauci ne da sarauta, a bakin ruwa suke, za ka shige su kana zaune daram a kan sirdi. Garuruwan kudancin Tuskani kuwa an ɗora su ne a kan tuddai, don tsaro daga mahara da kuma nisantar zazzaɓin cizon sauro da ya addabi ƙasashen kwari a da. Montalcino da Montepulciano duk sun haura mita 500, kuma hanyar da ta fito daga ɗayan sai ta gangara kwari kafin ta sake hawa ɗayan. Ma'ana, hawa mafi tsanani na yininka zai zo ne a kilomita biyar na ƙarshe, lokacin da ƙafa ta riga ta mutu kuma rana ta take. Kilomita 80 a can tana iya ɗauke da hawan da ya kai mita 1,200 ko fiye a jimlace, kuma wannan ba daidai yake da kilomita 80 a bakin Loire ba ko kusa. Idan ka nace sai Tuskani, ka rage zangonka zuwa kilomita 55 ko 60.

Kyawunta kam babu gardama. Siena da San Gimignano da Pienza kowannensu yana cikin jerin UNESCO, haka ma kwarin Orcia gaba ɗaya tun 2004. Pienza ƙauye ne da Fafaroma Pius na Biyu, wanda a can aka haife shi, ya sa aka sake gina shi daga 1459. Hanyar da ta fita daga Siena ta ratsa tuddan yumɓu zuwa Asciano, ta wuce gidan ibadar Monte Oliveto Maggiore ta sauka Buonconvento, tana cikin mafi kyawun abin da mai keke zai bi a ko'ina. Matsalar ita ce hanyoyin kwalta da ke haɗa shahararrun garuruwan su ne motocin 'yan yawon buɗe ido ke bi, kamar SP146 tsakanin San Quirico da Pienza da Montepulciano, ko SR222 ta yankin Chianti da masu manyan babura ke cikawa ranakun Asabar da Lahadi. Hanyoyin da suke shiru da gaske a Tuskani yawancinsu farar tsakuwa ce ba kwalta ba. Su ne ake gudanar da gangamin masu keke na L'Eroica a kansu tun 1997 daga Gaiole in Chianti, su ne kuma suka ba gasar ƙwararru ta Strade Bianche, wato fararen hanyoyi, sunanta. Da taya mai milimita 25 da kaya a baya, gangara a kan wannan tsakuwa ba abin wasa ba ne, kuma za ka yi ta fama da faci.

Shawarata a kan taya, ko wane yanki ka zaɓa, ita ce ka sa mafi faɗin da ƙirar kekenka za ta ɗauka. Yawancin kekuna masu birkin da ke matse bakin wili suna karɓar milimita 28, masu birkin faifai kuwa sukan karɓi 32 ko sama. Faɗin taya ba ya rage maka gudu a irin wannan tafiya, abin da yake yi shi ne ba ka damar rage iska kaɗan, sai tayar ta riƙa shanye girgiza maimakon hannunka da bayanka. Wannan yana da muhimmanci ko a Alentejo da Baba ya zaɓa, saboda kusan kowane tsohon gari a Fotugal daɓen ƙananan duwatsu ne a titunansa, wani lokaci tun daga bakin gari, kuma idan aka yi yayyafi santsi gare shi. Ka bar aƙalla milimita huɗu tsakanin taya da ƙarfen keke ta kowane gefe.

Sai giyar keke. Keke mai haƙori 39 a farantin gaba da haƙori 25 a baya, duk juyin feda ɗaya yana tura shi kusan mita 3.3, wanda ke nufin a juyi 70 cikin minti guda dole ya riƙe gudun kusan kilomita 14 a awa, kuma a kan hawan da ya kai kashi goma cikin ɗari mutum mai matsakaicin ƙarfi ba zai iya riƙe wannan ba. Da 34 a gaba da 32 a baya, juyi ɗaya mita 2.2 ne da 'yan kai, gudun kuma ya sauko wajen kilomita tara, inda za ka iya zama ka hau a natse. Sannu ba ta hana zuwa. Ka sa a duba maka ko abin canza giyar bayanka zai ɗauki haƙori 32, domin masu gajeren hannu ba duka ne ke ɗauka ba, kuma idan an canza sai an ƙara tsawon sarƙa. Ka riƙe tiyub biyu da kayan faci da famfon hannu da mahaɗin sarƙa, kuma ka kunna jar fitilar baya ko da rana tsaka.

Baba Mai Taswira

Abin da Hajiya ta faɗa game da gudu a kan miƙaƙƙiyar hanya gaskiya ne, kuma shi ya sa a Alentejo ma ba kowace hanya mara motoci nake yabawa ba. Dokar Fotugal ta wajabta wa direba ya bar tazarar mita ɗaya da rabi idan zai wuce mai keke, haka ma dokar Faransa a wajen gari, amma doka ba ta hana rana shiga idon direba ba. Saboda haka, Malam, ka tsara zangonka ta yadda ba za ka fuskanci gabas da sassafe ko yamma da la'asar sakaliya a kan hanyar da ta miƙe ba, domin ranar da ke kashe maka ido ita ce ke kashe idon wanda ke bayanka.

Duk da haka ina nan a kan zaɓina, kuma zan nuna maka yadda za a rage matsalar nisa da ta ambata. Gabashin Évora garuruwan sun fi kusa da juna fiye da kudancin yankin, kuma ana iya yin zagaye a koma inda aka fara, wanda ke da amfani tunda jirgin ƙasa daga Lisbon yana zuwa Évora cikin kimanin awa ɗaya da rabi. Daga Évora ka nufi Reguengos de Monsaraz ta ƙananan hanyoyi, sannan ka bi M514 ta São Pedro do Corval, garin maginan tukwane, ka hau Monsaraz ka kwana a cikin ganuwa. Washegari ka yi arewa ta Terena da Alandroal, kowannensu da tsohuwar ganuwarsa, ka bi ta Juromenha da ke kallon Sifaniya a ƙetaren Guadiana, ka shiga Elvas. Daga Elvas ka juyo yamma zuwa Vila Viçosa, inda fadar gidan sarautar Bragança take, gidan da ya karɓi mulkin Fotugal a 1640. A nan ne kawai zan ce ka buɗe ido sosai: tsakanin Vila Viçosa da Borba da Estremoz ake haƙar farin dutsen mabul, kuma a ranakun aiki tifofi da tireloli masu ɗauke da shi suna zirga-zirga, suna kuma barin farar ƙura a kan kwalta. Idan ka daidaita kwanakinka wannan zangon ya faɗo ranar Lahadi, ka huta da su.

Daga Estremoz akwai zaɓi biyu na komawa. Mai sauƙin ita ce ta Evoramonte, ƙaramin gari a kan tudu inda aka sa hannu a yarjejeniyar da ta kawo ƙarshen yaƙin basasar ƙasar a 1834. Wadda na fi so kuwa ita ce N381, da ke hawa tsaunin Serra d'Ossa ta sauka Redondo, domin kwana-kwananta sun sa masu sauri ba sa son ta, kuma tana cikin 'yan wuraren da itatuwa ke rufe hanya a yankin. Da giyar da Bakanike ya ba da shawara, hawan ba zai gagare ka ba. Marvão ka bar ta sai wani karo, ko kuma ka ware mata kwana biyu na musamman tare da Castelo de Vide.

Game da ruwa, ka ɗauki gora biyu manya, ka cika su a duk ƙauyen da ka ratsa ko da ba su ƙare ba, kuma ka tashi da wuri yadda za ka isa masauki kafin ƙarfe biyu na rana. Gidajen tarihi da yawa a Fotugal suna rufewa ranar Litinin, saboda haka ka duba kada zangon Vila Viçosa ko na Elvas ya faɗo a wannan ranar idan kana son shiga ciki.